Na Durƙusa Wa Mai Gidan Haya Don Kuɗina

Lokacin da abin nan ya same ni, ina malamar firamare a Kafanchan, da miji da yara biyu. Daga Manchok muka sauko bayan aure, ba mu san kowa a garin ba sai 'yan cocinmu. Maigidana malamin gona ne, an tura shi aiki Kauru, sai ƙarshen wata yake zuwa gida. Ni mace ce mai gudun rigima, an rene ni a kan cewa babba ba ya laifi, kuma da wannan halin na shiga gidan haya na wani dattijon ikkilisiyarmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da kowa ke kira Baba.

Ranar da muka kama ɗaki biyu da falo, bayan kuɗin haya na shekara ya ce akwai kuɗin ajiya, wanda zai riƙe saboda ɓarna, in mun tashi lafiya ya mayar mana. Kuɗin ya kusa rabin hayar. Maigidana ya nemi a rubuta, sai Baba ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce tsakanin uba da 'ya'yansa ba a rubutu, shi da ke raba jibin Ubangiji a coci ba zai ci haƙƙin kowa ba. Ni ce ma na taka ƙafar maigidana don ya yi shiru. Gidan kuwa mun same shi a lalace. Silin yana yoyo, ƙofar baya ta rube daga ƙasa, bangon kicin ya tsage. Duk mun nuna masa, ya ce mu gyara, Allah zai saka. Muka gyara abin da za mu iya. In ba shi da lafiya ni ke dama masa kunu, matarsa kuwa har asibiti na yi jinyarta.

Bayan wasu shekaru muka samu fili a bayan gari, muka tayar da ɗaki biyu har kan linta. Kwano kawai ya rage, kuma da kuɗin ajiyar nan muka yi lissafin sayensa kafin ruwa ya sauka. Muka sanar da Baba da wuri, na wanke gidan tas, muka kwashe kaya zuwa ɗaki ɗaya da muka rufa da tsohon kwano, ɗayan kuma muka shimfiɗa masa tamfol muka jera buhunan busasshiyar cittarmu da muke jiran ta yi tsada. Daga nan yawo ya fara. Yau Baba ya tafi jana'iza, gobe fansho bai fito ba, jibi yana azumi ba ya maganar duniya. Ran da na tsare shi a ƙofar gida, sai ya zaga da ni yana nuna mini tsagewar bangon nan da ƙofar nan da muka tarar, ya ce mu muka yi, in ma aka yi lissafi mu ne za mu ƙara masa. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce masa, "Baba, ku ji tsoron Allah, kun san yadda muka sami gidan nan." Maƙwabta suka fito suna kallo.

A makon ne ruwan farko ya zo da iska, ya yaye tamfol ɗin. Muka yi ta jan buhuna ni da yara, amma yawancinsu sun jiƙe, cikin 'yan kwanaki suka yi fumfuna. Noman shekara guda ya tafi, da shi za mu biya makarantar yara.

Maigidana ya kai ƙara wurin dattawan ikkilisiya, don ba ma son a ce mun kai ɗan'uwa kotu. A wannan zaman ne Baba ya yi mini abin da har yau ban manta ba. Ya miƙe a natse ya ce bai so ya faɗa ba, amma ƙofar baya ta lalace ne saboda mazan da ke shige da fice ta nan in maigidana yana Kauru. Ban da maigidana, namijin da ya taɓa kwana a gidan nan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Baba ya san shi, har aikensa yake yi. Na duba fuskokin dattawan ina jira wani ya tsawata masa. Babu wanda ya yi. Sai shugaban zaman ya ce maganar ta yi nauyi, a bar ta a nan, amma ɗaga wa dattijo murya a bainar jama'a laifi ne, in roƙi gafara sannan a duba batun kuɗin. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na tuna ɗakin da ba rufi, na tuna yara, na durƙusa a kan siminti na ce Baba ya yafe mini. Ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo abin da bai kai rabi ba, ya ce ba bashi yake biya ba, taimako ne yake yi wa 'yarsa saboda sunan Yesu. Dattawa suka ce amin, har aka yi masa addu'ar godiya.

Kuɗin bai rufa ɗakin ba. Maganar kuwa ta riga mu fita daga coci. A zumuntar mata aka daina ba ni jagorancin waƙa, ba wanda ya faɗa mini dalili. Maigidana ya ce ya yarda da ni, amma watanni ya yi yana dirowa gida ba sanarwa, kuma na san abin da yake dubawa. Baba har yanzu yana zama a kujerar gaba ranar Lahadi. Ni na koma wani coci.

Asarar cittar na haƙura da ita, amma durƙuson nan ban yafe wa kaina ba, domin da gwiwata na gaskata ƙaryarsa a idon mutane. Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin kama haya, musamman mata 'yan'uwana da mazansu ke aiki nesa: ko limaminku ne ko fastonku, ko kawunku ne, a rubuta komai a gaban shaida, ku ɗauki hoton kowace tsagewa kafin ku shigar da tabarma. In kuma aka taɓa mutuncinku don a cinye haƙƙinku, ku miƙe ku fita daga ɗakin, ko da ba ku karɓi ko sisi ba.