Gorunan da Muka Wanke

Buhu biyu fa, cike taf da gorunan roba! Da na ga abokinmu ɗan Wushishi yana sauke su daga kan mashin, sai da na yi tsalle a gaban mutane. Mu bakwai ne, samari da 'yan mata na Tudun Wada, duk Asabar muna bin kwatoci muna tsamo roba kafin ruwan sama ya kwashe ta ya kai kogi. Wadda ta lotse mu kai wa 'yan jari-bola, goruna masu kyau kuma mu raba wa matan unguwa masu zoɓo da kunun aya. Ba wanda ya koya mini, a waya na gani na ce mu ma za mu iya. Amma ba mu taɓa samun masu murfi da yawa haka ba. Ya ce a gonakin garinsu ya tsinto su.

Ni na kawo shawarar a wanke. Na ce kullum da datti muke kai wa iyayenmu, wannan karon mu fita kunya. Muka sayo omo mai ƙamshin lemon tsami, muka jiƙa a baho, muka dirje, muka shanya. Washegari da safe muka raba wa mata uku. Ragowar na ɗauka da kaina na kai wa Iya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana zoɓo a layinmu.

Ta buɗe gora ɗaya ta kai hanci. Ta buɗe ta biyu. Ta ajiye.

"Wa ya ce ku wanke?"

"Iya, aiki muka rage miki."

"Hanci dai kuka toshe mini, 'yar boko. Ni kowace gora sai na sansana kafin ta ga ruwa. Mai fetur, mai fitsari, mai magani, hanci ke faɗa mini in jefar. Yanzu duk sun zama lemon tsami. Daga ina suke?"

"Daga gona."

Ta ce, "Ke ba ki san a gorar lemo ake auna wa manoma maganin ciyawa a kasuwar ƙauye ba?"

Nan take na kira ɗan Wushishi. Ya ce gaskiya ne, babansa ma haka yake saye, amma wasu na ruwan sha ne da 'yan ƙwadago suka yar, kuma ai mun wanke. Iya ta karɓi wayar.

"Ɗana, roba shan abu take yi. Ka taɓa wanke jarkar kalanzir ka zuba ruwan sha?"

Da gudu na fita. Mace ta farko ba ta taɓa nata ba. Ta biyu ta riga ta ɗura kunun aya. Da na faɗa mata, a gabana ta tuttule shi a kwata. Ta uku kuwa tun hantsi ta tafi tashar mota da zoɓonta. Sai bayan azahar na same ta, kularta saura kaɗan. Na faɗa mata. Ta dubi motocin da ke fita.

"Matafiya ne suka saya, 'yata. A ina zan gan su?"

Har yau ban ji an ce wani ya kwanta ba. To ta ina ma zan ji? Wataƙila babu ko ɗaya mai magani a cikin nata, wataƙila akwai. Abin da ke cina ke nan.

Ba mu daina ba. Gorar gona yanzu huda ta muke yi da ƙusa don kada kowa ya sake zuba abin sha, ta cikin gari kuma mu kai ta yadda muka tsinto ta. Iya tana karɓa. Mai kunun ayar nan kuwa, in na yi sallama ta amsa, amma ba ta ƙara karɓar gora a hannuna ba.

Ku da kuke irin wannan aikin a unguwanninku, yaya kuke gane gorar da ta taɓa riƙe guba? Kuma in kun taɓa jawo wa wata uwa irin wannan, da wane baki kuka koma mata? Don Allah ku faɗa mini.