Kawu, Mai Tayar da Manhajar da Ta Kife

Ƙarfe bakwai da rabi Kawu yake isa ofis, kafin mai shara ya gama. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai ƙugi kamar injin niƙa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, a ɗan ɗakin nan na bayan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda babu taga sai fanka. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma wallahi har yau rabin likitocin ba su san fuskarsa ba. Manhajar da ke fitar da sakamakon gwajin jini kuwa, shi ya raine ta tun tana rarrafe.

Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. In abu ya lalace ba ya faɗa. Zai ja kujera ya ce, "To, me aka taɓa na ƙarshe?" Ka rantse ba ka taɓa komai ba, ya yi murmushi ya jira, sai ka ji kanka kana tonawa da bakinka. Kai, mun sha dariya a ɗakin nan!

Waɗanda suka daɗe ba su manta da wata Litinin ba, shekara tara baya. Wata sabuwar ma'aikaciya da ba a tabbatar mata da aiki ba tukuna, aka sa ta haɗa manhajar da sabon laburare, wato ɗaurin umarni da wasu suka riga suka rubuta don a ɗora a kai. A kwamfutarta komai lafiya lau. Da aka kai babbar na'ura, ana dannawa sai manhajar ta ɗan haska ta mutu, ko sallama babu. Layin marasa lafiya ya kai waje. Shugaban sashe ya shigo yana huci: "In ba ta tashi kafin azahar ba, ki tattara kayanki!"

"'Yata, goge idonki, da su za mu yi aikin," in ji Kawu.

Ya sa ta cire laburaren, manhaja ta tashi. Ta mayar, ta sake kifewa. "Madalla, mun san unguwar da ɓarawon yake." Sai ya sa na'urar ta lissafo duk fayil ɗin da manhajar ke ɗauka wajen tashi, da inda take ɗaukowa. Ashe akwai tsohon laburare mai suna iri ɗaya da sabon, kwance a wata folda da aka manta, kuma shi na'urar ke fara cin karo da shi. Manhaja ta nemi abin da babu a cikinsa, sai ta faɗi.

Kawu ya daɗe yana kallon kwanan watan fayil ɗin. Shi ya ajiye shi da hannunsa, shekaru baya, da niyyar gogewa gobe. Babu wanda ya sani. Da ya goge shi shiru, da an yi masa tafi, ita kuma laifin ya zauna a kanta. Sai ya miƙe ya kira shugaba.

"Ranka ya daɗe, aikinta daidai yake. Sharata ce ta tare hanya."

Takardar gargaɗi ɗaya tak ke cikin tarihin aikinsa, ta ranar ce.

Kawu, kai ne mai gyaran da ba a gani sai ranar da babu shi. Kai ne ka nuna mana cewa laifi ake nema a cikin na'ura, ba wanda za a ɗora wa ba. Za mu yi kewarka ƙwarai. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku masu tasowa, in kun gano matsala kuma sunanku ne a jikinta, ku faɗa da bakinku. Waccan ma'aikaciyar ita ce shugabar sashen a yau. Takardar ritayar Kawu ta kwana uku a teburinta, ta kasa sa hannu.