Kwalaben Ɗantala

Ranar jajibirin Babbar Sallah, ƙarfe shida na safe, ɗana Ɗantala ya ɗauki kwalba ya hau babur ya tafi dam, kamar kullum. Sunansa na yanka Abdulmumini. Ɗan fari ne, ban taɓa kiransa da shi ba.

Dam ɗin ƙarami ne, na ƙasa, a bayan ƙauyenmu tsakanin Maradun da Bakura. Don shanu aka yi shi, daga baya ya zama wurin wanka da shan iska. Ba wanda ya ɗauki Ɗantala gadi. Ya karanta ban ruwa a Talata Mafara, aiki bai samu ba, sai ya kama noma a ƙasan dam ɗin, yana toshe ramukan gafiya a jikin bangon.

Ƙarfe takwas ya dawo. A gindin bangon akwai inda ruwa ke tsattsafowa. Nan yake ɗiba kowace safiya, ya rubuta kwanan wata, ya jera a taga. Ya taɓa gaya mani cewa kowane dam na ƙasa yana yoyo. In ruwan garau yake, ba komai. In ya fara fitowa da laka, bangon ne ke zaizayewa daga ciki. Na ranar kamar ruwan wankin gero yake.

Ƙarfe goma na raka shi wurin Yari, mai unguwarmu. Tun bara mata suka ce wurin da ruwan ke tsattsafowa idon ruwa ne mai maganin ƙuraje, suka faɗaɗa shi da fartanya don ƙwarya ta shiga.

"Baba Yari, a hana mutane zuwa gobe," in ji shi. "A kuma bar haƙar nan. Ba idon ruwa ba ne, dam ɗin ne ke fita."

"Kai da kwalabenka kamar mai kemis," in ji Yari. "Wanga bango ya girme ka." Ya dube ni. "Malam, yi mai aure ya bar hira da ruwa."

Na yi dariya ni ma.

Ƙarfe huɗu ya kai ni in gani. Damina ce, dam ya cika, babu iska. Wani makiyayi na ta fama da shanunsa, sun ƙi hawa bangon. Kusa da gaɓa ganyaye na juyawa a hankali a wuri ɗaya. Ɗantala ya jefa kara. Karan ya zagaya sau uku, ya miƙe tsaye, ya nutse.

"Baba, ka ji?"

Na ji. Kamar ana zuba ruwa a randa, can ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ce masa bayan Sallah sai mu rubuta takarda.

Washegari daga Idi dam ya wuce, da sabuwar shaddarsa da sanda. Ana yi masa tsiya yana korar mutane. Bayan la'asar ya fitar da mutum goma sha ɗaya daga gindin bangon. Wata tsohuwa, Turai, ta ƙi tashi sai ta cika tulunta. Ya koma ya ɗauko ta, ya tura ta kan tudu. Ta ce da ta waiwaya, bangon ya buɗe ba tare da wata ƙara ba.

A gonar wani manomi, Umar, muka sami gawarsa, kilomita biyu daga wurin. Shi kaɗai aka rasa. Shekarunsa ashirin da bakwai.

Babur ɗin na sayar, tufafin aka yi sadaka, fartanyarsa Yari ya zo da kansa ya roƙa, na ba shi. Kwalaben arba'in da uku ne. Mahaifiyarsa ta so a zubar, na ce a bar su a tagar yadda ya jera. Duk lakarsu ta kwanta, ruwan ya washe, ban da ta jajibiri. Shekara talatin na koyar da kimiyya. Kowace safiya ina dubawa, ba na taɓa ta, har yau ba ta kwanta ba.