Gwiwar Baffa Boyi

Baffa Boyi, makiyayin da ya baro Gidan Katta ya zauna unguwarmu a Illela, tun da Allah ya yi shi ba a taɓa jin ya ce wani abu na yi masa ciwo ba. Bijimi ya taɓa taka masa ƙafa a kara, kasuwar shanu, ya ce ƙaiƙayi ne. To sai ga gwiwa ta kumbura kamar tulu, shanu suka koma hannun ƙanensa, shi ya koma gindin darbejiya.

Da masu bincike suka zo asibiti gwajin sabon maganin gwiwa, matarsa Inna Haulatu ta tasa shi gaba har can. Malama Shafa'atu, mai duba masu gwajin, ta yi masa bayani: wanda maganin ya karɓa za a bar shi a kai, wanda bai karɓa ba a sauya masa. Gane hakan kuwa sai da abin da ta kira ma'aunin raɗaɗi, daga babu zuwa goma.

"Baffa, ina ciwon ya kai yau?"

"Da sauƙi, ɗiyata."

"Sauƙin nawa ne?"

"Mi za a ƙirga? Alhamdu lillahi."

Kowane zuwa haka, alhali gwiwar sai ƙaruwa take. Ta tambayi barcinsa, ya gode Allah. Ta kawo zancen ingancin rayuwa, ya ce ai ya karya da fura. Ta nuna masa hotunan fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, ya ɗora yatsa kan mai murmushin, wai yaron ya fi tarbiyya. Saura ƙiris a sa shi cikin waɗanda suka warke.

Ran nan tana cikin tambayarsa aka kira azahar. Ta ga ya dubi tabarma, ya dubi gwiwa.

"Baffa, salla a tsaye kake yinta ko a zaune?"

Ya gyara malafa. Mutum ya ɓoye ciwo don kunya, amma ba ya yi wa salla ƙarya.

"A zaune. Tun layya."

Aka cire shi daga gwajin, aka sauya magani. Bayan damina ya koma sahu a tsaye, ko da yake tashi daga sujada sai ya dafa cinyar na kusa.

Yanzu a unguwa ba mai ce masa ya jiki, sai dai a ce: "Baffa, a tsaye ko a zaune?"

"A tsaye, marasa kunya," in ji shi, ya wuce kara da sandarsa.