Sabulun da Ke Jiran Juma'a Huɗu

A watan nan mahaifina yake cika shekara bakwai da rasuwa. Mutanen Gwallaga sun san shi da sana'a guda: sabulun wanki da yake damawa a rabin duro a bayan gidanmu, da wata muciya da ta fi ni tsawo a wancan lokaci. Masu yabonsa suna da yawa, kuma sun fi ni iya yabo. Ni abin da nake so in rubuta shi ne wata ƙa'ida tasa da muka raina bayan ransa, da abin da rainin ya jawo.

Baba ba ya sayar da sabulu a makon da ya yanka shi. Yakan jera sandunan a kan katako cikin wani ɗaki kusa da zaure, ya bar tazara tsakaninsu, ya ja ƙofa. Sai Juma'a ta huɗu, idan ya dawo daga masallaci, zai ɗauki ɗaya ya taɓa da bakin harshe, ya wanke hularsa da shi, sannan ya buga masa hatimin sunansa. Matan gidan kan zolaye shi cewa sabulunsa ya fi wasu samarin unguwa halartar Juma'a. Murmushi kawai yake yi. Bai taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, domin a gidanmu ba a tambayar babba dalilinsa.

Da ya rasu, ƙanensa Baffa Garba ya riƙe sana'ar. Wajibi ne in yi wa Baffa adalci. Shi ya fitar da mu daga bayan gida zuwa babbar rumfa a Tirwun, shi ya sayo injin damawa, shi ya bi 'yan sari har Azare da Misau. Sai dai aikin ya girma, tsarinsa kuwa yana nan irin na bayan gida. Mutum uku ke auna soda, kowa da kwanonsa. Duk ɗan gidan da mai saye ya fara cin karo da shi, shi ke yi masa alkawarin ranar ɗaukar kaya. Jiran nan kuma Baffa ya yi masa fassarar da ta kwanta masa a rai: yayansa yana ajiye kaya ne saboda kasuwa ba ta ja. Yanzu da take ja, me za a jira? Juma'a huɗu ta koma biyu, biyu ta koma kwana uku. A lokacin ina jami'a ina karanta kimiyyar sinadarai, kuma ina jin nauyin faɗin cewa ban lura ba.

Wadda ta farkar da mu ita ce Maman Rifkatu, wata dattijuwa 'yar kudancin jihar nan da ke wankau a gidajen ma'aikata. Tun ina firamare take sayen sabulu a hannun Baba. Ta hau babur har Tirwun, 'yan watanni bayan na gama karatu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe mu, ta buɗe tafukanta. Fatar tsakanin yatsunta ta saɓule, ta yi ja.

“Sabulun Malam bai taɓa cizona ba,” in ji ta. “Sunansa na gani a kai, shi ya sa na saya.”

Da waɗannan hannuwa take ciyar da jikokinta, kuma ta yi kwanaki ba ta iya taɓa ruwa. Nan take abin da na karanta ya haɗu da abin da na taso ina gani. Soda na buƙatar lokaci kafin ta gama aikinta cikin mai, sandar kuma ta bushe ta yi sanyi a fata. Idan awon ya zarce, cizon ya ƙaru. Baba bai san sunan abin a littafi ba, amma harshensa ya san shi.

Na roƙi a tara dangi bayan azahar, na zo da sabon tsari a rubuce, shafi uku. Sikeli ɗaya zai maye gurbin kwanonin nan. Kowane damu za a rubuta ranarsa a jikin katakonsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa yi wa masu saye alkawari. Ɗakin jiran sabulu zai dawo, da makulli ɗaya, kuma na ce a damƙa shi ga Zulai, 'yar Baffa, domin duk cikinmu babu mai kiyaye abu kamarta. Baffa ya saurara har na gama, sannan ya tuna mini cewa lokacin da suke dama sabulu shi da ubana, ni ko ɗaura wando ban iya ba, kuma rubuta sirrin sana'a daidai yake da shanya shi a bakin titi. Na sunkuyar da kai na ce rabin sirrin ya riga ya bi Baba kabari, ragowar nake so mu tsare. Daga ƙarshe ya ce a gwada, ya ga iyakar boko.

Gwajin gaskiya ya zo wata Laraba. Wani babban ɗan sari ya iso da mota, kayan da suka yi saura a ɗakin kuwa damun Baffa ne da hannunsa, Juma'arsu biyu. A gaban baƙo da ma'aikata ya ce wa Zulai ta buɗe. Ta durƙusa, makullin na cikin tafinta, idonta a ƙasa.

“Abba, saura Juma'a biyu.”

 A gidanmu 'ya ba ta taɓa mayar wa uba magana ba, balle a gaban mutane. Na ga ran Baffa ya ɓaci, na kuma san idan ya karɓe makullin nan, shafukana uku sun zama takardar ƙunshin ƙosai. Sai ya ce ta shiga ta ɗauko masa sanda ɗaya. Ya juya ta a hannu, ya kai bakin harshe kamar yadda ya ga yayansa na yi shekara da shekaru. Fuskarsa ta yamutse. Ya tofar, ya goge baki, ya ba baƙon haƙuri da kansa, sannan ya dubi 'yarsa ya ce, “Rufe, uwata.”

Motar ta koma fanko, kuma mutumin bai sake dawowa ba har yau. Ba zan ce rashinsa bai yi mana zafi ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce idan ya leƙo Tirwun yanzu. Ina zaton ƙarar injin za ta dame shi. Zai yi wa sikelin kallon baƙo, ya tambayi inda muka kai kwanonsa. Safar hannun ma'aikata za ta ba shi dariya. Amma na tabbata ba zai daɗe a nan ba, zai wuce ɗakin jira ya bi katako ɗaya bayan ɗaya yana duba ranakun. A can ne zai gane gidansa.

Ba mu gama ba. Har yanzu akwai ɗan'uwan da ke ganin zuwa aiki a makare haƙƙinsa ne na gado, akwai kuma mai yi wa abokinsa alkawari a ɓoye. Zan ci gaba da rubutawa, ina maimaitawa, ina shan harara, har tsarin ya daina zama na wane ya zama na gida. Kuskuren Baba guda ne, Allah Ya yafe masa: ya bar mana aiki bai bar mana dalili ba. Mu ba za mu yi wa na bayanmu haka ba.

Maman Rifkatu ta dawo saye. Duk sanda ta miƙo hannu ta karɓi kwalinta, yatsunta nake fara dubawa. Hatimin sunan Baba kuwa mun ɗaure shi a igiya ɗaya da makullin ɗakin jira, yadda babu mai iya buga sunan nan sai ya bi ta ƙofar. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sanyaya masa kamar yadda ya so sabulunsa ya sanyaya a hannun mutane.