Ranar da Muka Kori Baƙin Kaka

Ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba zan manta da yammacin da aka nuna kashi na ƙarshe na katun ɗinmu ba. Muna Maigatari lokacin, ina aji uku a sakandare, kuma duk layin gidanmu ne kaɗai mai sola da talabijin. Wata da watanni muna bin wasu jarumai: mai tashi sama, mai ɗaga tirela da hannu ɗaya, da wata yarinya mai feso wuta. Kullum cikin faɗa suke da juna, amma ran nan za su haɗa kai, don wasu korayen halittu sun sauko daga sama za su cinye duniya. Tashar kuwa ba ta maimaici, in ya wuce ka shi ke nan.

Tun la'asar yaran layi suka cika mana rumfa. Ni ce tafinta, don a lokacin ji nake da Turancina kamar me. Da aka ambaci sunan halittun na laluba kaina ban sami Hausarsa ba, sai kawai na ce, "Baƙi ne."

Kaka tana gefe tana dama fura, ta ɗago kai. "Baƙi? To an ba su ruwa?"

"Kaka, ba irin waɗannan baƙin ba ne."

"Baƙo ai baƙo ne, 'yar nan. Shi wancan ƙaton mai ɗan kamfai a kan wando, me suka yi masa yake jifansu da mota?"

Can faɗa ya yi faɗa. Jarumai sun jeru, wuta na tashi. Ƙanena ya haye turmi ya ɗaga murya, yara suka amshe: "A kori baƙi! Ba ma son baƙi!"

Ashe jajibirin kasuwa ne, ƙanin Kaka ya taso daga Damagaram da matarsa, suna zaure suna ta sallama ba mai ji. Abin da ya tarbe su ke nan. Tsohon ya ɗauki jakarsa ya ce wa matarsa su koma tasha. Suna juyawa Kaka ta hango ƙeyarsu. Wallahi ban taɓa sanin Kaka na iya gudu ba sai ranar, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Da ta dawo da su, ta wuce kai tsaye ta fizge waya daga soket.

Na durƙusa har ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Kaka, don girman Allah, saura ƙiris!"

"Saura ƙiris ku tsinke min zumunci, 'yan banza! Tashi ki kawo musu ruwa."

Sai da suka sha, aka gaisa, aka tambayi damina da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan aka bar ni na yi bayani. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "To, jikalle, kunna mana mu ga yadda 'yan'uwan namu suka ƙare."

Na mayar da waya soket na kunna. Tallar sabulu ake yi.

Yara suka watse suna hararata, ni kuwa na yi kuka mai isata. Yanzu ga waya a hannuna, da na so da na nemo ƙarshen, amma kunya ba ta bari. Abin da na koya dai shi ne, in ban san Hausar abu ba, in ce ban sani ba. Da "dodanni" na ce, da yau na san ko duniya ta tsira.