Malama Ina-Ke-Ciwo da 'Yar Tsanarta

Ƙarfe huɗu saura kwata na kowace Litinin da Laraba za ka gan ta ta shigo ta ƙofar bayan asibitinmu, jaka a kafaɗa, 'yar tsana a hammata. Ba ƙaramar 'yar tsana ba ce, ta kai girman yaron goye. Ita ta ɗinka abarta da ragowar yadi, kunne ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma har yau ba ta yarda kuskure ta yi ba. Takan buɗe ɗakin da muke jibge tsofaffin gadaje, ta share, ta jera benci uku, ta zaunar da 'yar tsanar a kujera. Sai ɗalibanta su fara shigowa: mata baƙi, waɗanda aure ko aikin miji ya kawo su garin nan, ba su jin ko "zo in kashe ki" da Hausa.

Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye, don gwiwoyinta sun ƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin, ina cikin waɗanda suka yi mata dariya da farko, shi ya sa na ga ni ya kamata in rubuta wannan.

Kowa ya san mai koyar da harshe da gaisuwa yake farawa. Ita ko a'a. Ranar farko ba "ina kwana", ba "yaya gida". Za ta dafa kanta ta ce kai, mata su dafa su maimaita. Ido, kunne, wuya, ƙirji, ciki, mara, har tafin ƙafa. Idan sun kama waɗannan, sai ta fito da wani ɗan jan ƙyalle ta maƙala shi da fil a jikin 'yar tsana, ta nuna ɗaliba ɗaya ta tambaye ta ina ke ciwo. Daga nan sunan Malama Ina-Ke-Ciwo ya bi ta, har yara a unguwa ba su san tana da wani ba.

Kuma ba ta tsayawa a wurin ciwon, sai ta koya musu irinsa: suka ne, ko zafi, ko murɗawa, ko nauyi. Da jikinta take nunawa. Wata rana ta riƙe ciki tana nishi har mai sharar asibiti ta rugo da keken marasa lafiya, ta tarar da mata goma sha biyar suna riƙe da ciki suna dariya.

Na taɓa tare ta na ce matan nan za su gama aji ba su iya gaida uwar miji ba, sai lissafin gaɓoɓi kamar mahauta. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Gaisuwa za su tsince ta a bakin famfo. Wa zai koya musu haƙarƙari a bakin famfo?" Da mai duba makarantun manya ya kawo mata littafi ya ce a bi shi daga shafin farko, hannu biyu ta sa ta karɓa, ta yi godiya, ya fita ta buɗe shafi na arba'in inda hoton jikin mutum yake.

A shekarun baya an yi wata ɗaliba da muke kira Shiru. Amarya ce da cikin fari, mijinta direban babbar mota, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Wata huɗu tana zuwa aji, tana zama a ƙarshen benci, ba wanda ya taɓa jin muryarta. A tambaye ta ina ke ciwo, sai ta rufe fuska da mayafi. Ni kam na ce ɓata lokaci ne. Malama ba ta taɓa matsa mata ba. Takan dai miƙa mata 'yar tsanar ta riƙe a cinya har a tashi, ta ce kunne ma ɗalibi ne.

Wata safiyar Alhamis layin yankar kati ya kai bakin ƙofa, mutum ya fi sittin. Na zo wucewa da farantin allurai sai na ji an riƙe mini riga. Shiru ce, ita kaɗai, a can ƙarshen layi. Har na buɗe baki zan ce ta jira a zo kanta, sai ta ɗago ido ta yi magana, a hankali, kalma-kalma:

"Kai, ciwo. Ido, duhu. Nan, ƙarƙashin haƙarƙari, suka."

 Duk wanda ya yi aikin jinya ya san abin da waɗannan uku suke nufi a jikin mai tsohon ciki. Na dubi ƙafafunta, sun kumbura har takalmi ya nutse. Na ajiye farantin a kan taga na ja ta ciki. Jininta ya hau inda ban so in tuna ba. Likita ya ce da ta bi layin nan har ya zo kanta, jijjiga za ta kama ta a tsaye, kuma Allah kaɗai ya san ko za mu samu uwar ko ɗiyar. Kafin azahar an yi mata aiki, an ciro 'ya mace mai rai.

Litinin na je ɗakin gadaje in ba Malama haƙuri. Na ba ta labari tun daga farko. Ba ta ce ai ta gaya mini ba. Tambaya ɗaya ta yi, wai kalmar haƙarƙarin ta fito daidai a bakin Shiru? Na ce ta fito tsaf. Sai ta juya tana gyara wa 'yar tsana zama, ta daɗe tana gyarawa, ni ma na yi kamar ban ga hawayen ba.

Malama, ke ce uwar marasa baki. Ke ce kika gane cewa baƙuwa ba yunwa kaɗai take tsoro ba, tana tsoron ranar da jikinta zai yi ciwo ta rasa yadda za ta faɗa. Mu muna da allura da magani, amma ba mu iya warkar da abin da ba a gaya mana ba. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ba a rataya hotonki a bango ba, ga shi kuwa rabin aikinmu ke kika yi mana a kan benci uku. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki gwiwoyin nan da kika yi shekaru kina bugawa don a koyi sunansu.

Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da aji ba. In kuna da maƙwabciya baƙuwa, ku zauna da ita ku koya mata kalma goma daga kai zuwa ƙafa, gaisuwa ta biyo baya.

Ajin ba zai rufe ba. Larabar da ta wuce Malama ta miƙa 'yar tsana da jan ƙyallen ga wadda za ta gaje ta. Shiru ce. Ɗiyarta tana aji huɗu yanzu, ita kuma in ta fara surutu sai an roƙe ta. Na leƙa ta taga na gan ta tsaye gaban sababbin mata tara, ta maƙala ƙyallen a ƙarƙashin haƙarƙarin 'yar tsana. Ta ce musu da wannan za su fara.